Sunan Da Na Hura Wuta Da Shi

Doña Clorinda Bejarano, ke ɓarauniya ce!

Na faɗa, in kin isa ki kai ni ƙara. Sunan jikata Zoraida kika sace, kuma kika sa ni da hannuna na ƙone shi.

Ni ce Eusebia mai tsiren zuciyar saniya a gindin gada a nan birnin Lima. Ban taɓa zama a aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta min. Amma da hayaƙin tsiren nan na kai yarinyar nan makarantar zane har ta gama. Ranar da ta fito kika rungume ta a bakin shagonki na ɗab'i.

"Zo nan 'yata, ina za ki neman aiki ga gida? Ke da Wilder ai an gama magana."

Wilder ɗanki, mai yanka takarda da inji. Tun suna sakandare yake binta kamar jela.

Kika haura da ita wani ɗan ɗaki a saman shago, ba taga, ko miƙewa sosai ba a yi. Ita da kwamfutarki, safe zuwa yamma, tana tsara fostocin mawaƙa. Baƙi wuluk a ƙasa, a kai ruwan ɗorawa da kore shar da ja kamar garwashi. Ana bugawa a ƙasa, a yanke, a ɗaure, masu liƙawa su kwashe. Ita sai dai ta hango su daga mota.

"Kaka kalli can! Ni na yi wancan!"

"To ina aka sa ke ce?"

"A can ƙasa, a gefen takardar. Ƙanana ne, ba a hangowa daga nan."

Tana faɗa tana murmushi, abin tausayi.

In ta ce za ta nemi wani wurin, sai ki ce, "Haba surukata, bari a gama bikin kanibal a sa rana." Kanibal, bikin rawar titi na shekara-shekara, ya zo ya wuce, ba rana ba wata. In ta ce a ba ta zanenta ta adana, ki ce kayan shago ba sa fita. Ga so ya ɗaure mata ƙafa.

Ni kuma duk Asabar Wilder ya sauke min buhun ɓarɓashin takarda, sirara dogaye, ragowar yanka.

"Ga na hura gawayi, Kaka."

Har albarka nake sa masa!

Sai ranar da malaminta na makaranta ya haɗa ta da wani kamfanin talla. Ta goge rigarta ta tafi. La'asar ina fifita wuta na ganta tsaye a kaina, ido jajir.

"Ke lafiya?"

"Kaka... sun ce ba ni na yi ba."

"Uban wa ya yi?"

"Katiuska ta riga ni zuwa da su. Fostocina, Kaka! Aka shimfiɗa min a tebur, na ce ku duba ƙasa ga sunana... babu. Babu ko ɗaya! Mutumin ya kalle ni ya ce, 'yan mata, ba a fara sana'a da ƙarya."

Katiuska 'yar ƙanwarki, wadda ko layi ba ta iya ja a miƙe. Wadda kika daɗe kina turawa Wilder abinci ta hannunta.

Zoraida ta zube a kan buhun nan tana kuka. Na ɗebo takarda zan ƙara a wuta, ta cafke hannuna.

"Tsaya!"

Ta zaro sili ɗaya ta kai ido. Ta zaro wani. Ta zazzage buhun duka a ƙasa.

"Kaka kin san me aka rubuta a nan?"

"Ni ina zan sani?"

"Zoraida Pomalaza... Zoraida Pomalaza... duk ni ce."

Na kalli wutar. Tana ci abinta, da sunan jikata a ciki.

Sai ga Wilder da sabon buhu a kafaɗa. Yana ganin takardu a watse ya tsaya cak.

"Zora... rabin raina..."

"Kar ka kira ni! Wa ke riƙe da wuƙar injin?"

Ya sauke buhun a ƙasa.

"Na ce wa ke yanka?"

"Ni ne. Mama ce ta ce in ƙara matso da wuƙar ciki kaɗan. Ta ce in aka ga sunanki, manyan kamfanoni za su ɗauke ki, ki ga masu mota, ki manta da mai yanka takarda." Ya matso kusa da ita. "Tsoro na ji, Zora. Ban iya rasa ki ba."

"Shi ya sa ka rufe ni a akwati?"

"Na kasa zuba sunanki a shara, shi ya sa nake kawo wa Kaka..."

Na miƙe da mafici a hannu.

"Kai sakarai! Ka kasa zubawa a shara sai ka kawo wa wadda ba ta iya karatu ba ta ƙona? Ɓace min da gani kafin in soke ka a tsinke!"

Ya tafi yana waige.

Kin san abin da ya fi ƙona min rai? Ranar Litinin yarinyar nan ta sa takalmi.

"Ina za ki?"

"Shago mana. Ina zan je, Kaka? Duk Lima wa zai ɗauki maƙaryaciya? Aikina duk yana cikin kwamfutarta."

Ta koma ɗakin nan marar taga. Ba ta yi wa Wilder magana, ba ta cin abinci. Ke kuwa kina ƙasa kina cewa, "Yaran zamani da son suna!"

Sai aka kawo aikin babban wasan rawa na 'yan garin Huancayo. Ta zana shi, ta sa sunanta a ƙasa kamar kullum, don taurin kai kawai. Kika tsaya a kan Wilder.

"Matso da wuƙar."

"Ba zan matso ba, Mama."

"Me ka ce?"

"Hannuna ya gama wannan yankan."

"To ka zaɓa, ko injin ubanka ko jikar mai tsire!"

Ya cire rigar aikin ya ninke ya ajiye miki a kan injin. Ya ɗauki ɗaurin fostocin ko gyara gefensu bai yi ba, ya haura ya buɗe ƙofar.

"Zora, taso. Yau ni zan liƙa."

Bai liƙa su a sama ba. A daidai idon mutum ya liƙa, tun daga gada har ƙofar kamfanin da suka kore ta. Ta bi shi da bokitin gam tana kuka tana zaginsa.

"Ban yafe maka ba fa!"

"Na sani, masoyiyata. Miƙo burushi."

Sun yi aure bayan wata biyu. Ba ki zo ba, ba mu yi kewarki ba. Yanzu suna ɗakina a kan tudu, labule ne tsakaninmu. Shi yana juya min tsire, ita tana zana katin biki a wata tsohuwar kwamfutar aro mai mutuwa tana farfaɗowa.

Amma Katiuska na nan a kujerar jikata, a kamfanin tallan, a ofis mai taga. Mutumin da ya kira ta maƙaryaciya har yau bai janye kalmarsa ba, ya ce fosta ɗaya ba hujja ba ce, sai mai shago ta yi magana.

To mai shago, ke ce.

Na dawo da tukunyar gawayina ƙofar shagonki, kin gani ai. Buhu na ƙarshe yana gefena, ban ƙona ko sili ba, duk wanda ya sayi tsire sai na ba shi ɗaya ya karanta da ƙarfi. Ba zan tashi ba, ko hayaƙi zai baƙanta miki takardu.

Sauko, Clorinda! Ki taka da ƙafarki zuwa kamfanin nan, ki buɗe baki a gaban jikata ki faɗa musu hannun wa ya yi zanen nan!