Ƙofar Baba Tela

Sufeto bai gama zama ba wata mata ta faɗo ofis, ta ce an sace mata ƙofa.

Daraktar fim ce. Ƙaramar hukuma ce ta gayyato su ita da 'yan fim ɗinta, ta yafe musu kuɗin izini, ta rufe musu layin teloli, da sharaɗin su ɗauki mutanen gari aiki. Rabin fim ɗin a bakin tsohuwar ƙofar shagon Baba Tela aka ɗauke shi. Yau da safe sun zo, babu ita.

"In ba ta dawo ba kafin rana ta bar bangon shagon, ranka ya daɗe, kayana zan kwashe. Garin da ke gaba roƙona suke yi. Gara in sake daga farko a can."

Sufeto ya san ba ƙaramar magana ba ce. Masu abinci, direbobi, masu masauki, har ƙanwar matarsa da ke yi wa 'yan wasa wanki, kowa a nan yake samun na cefane. Ya ɗauki hula, ya kira Sajan.

A layin teloli suka tarar da abin mamaki. An kwance tsohuwar ƙofar a tsanake, ba ɓalle ta aka yi ba, an kuma kafa sabuwa ta ƙarfe, koriya shar. Duk shekarunsa na aiki, Sufeto bai taɓa ganin ɓarawon da ya bar abin da ya fi wanda ya ɗauka ba.

Baba Tela na ciki yana taka keke. Ya rantse bai san komai ba, ya ce shi ma baƙin ciki ya hana shi karyawa.

"Baba, yaya aka yi ka shiga?"

"Da ƙafata, ɗana."

"Da wane makulli?"

Keke ya tsaya. Tsoho ya zaro sabon makulli daga aljihu, ya ce a jikin ƙofar ya same shi. Bai san wanda ya yi ba, amma gaskiya ya sa masa albarka, don waccan ko akuya ta jingina da ita sai ta buɗe.

Sufeto ya dafa ƙofar. Fenti ya biyo yatsansa.

Mai walda na ƙarshen layi. Ya ce rabonsa da haɗa ƙofa tun bara. Sufeto bai yi musu ba, ya dai kai yatsansa kusa da gwiwar wandon mutumin. Kore ɗaya ne.

Mai walda ya sosa ƙeya. Ya ce aiki aka ba shi, an kuma sa ya yi alkawarin ba zai faɗi suna ba.

"Ban ambaci kowa ba fa, yallaɓai. Amma fentin shi ya kawo. Ragowar na get ɗin sakatariya ne."

A hanya Sajan ya tuna masa cewa tun da aka rufe layin, ko baro ba ya shiga sai da yardar jami'in da ke kula da 'yan fim, wanda gari ke kira Mai Izini.

Mai Izini ya tarbe su da fara'a, ya zaunar da su a wani dogon tebur mai shimfiɗa har ƙasa, ya zuba musu ruwa. Ya ce shi bai leƙa layin ba tun shekaranjiya. Ya ce wannan makircin mutanen garin gaba ne, 'yan baƙin ciki.

Sufeto ya ajiye kofinsa, kofi ya karkace. Ya gyara shi, ya sake karkacewa. Ya shafa shimfiɗar a hankali har hannunsa ya tsaya a kan wani tudu.

"Yallaɓai, tun yaushe hukuma ta fara sayen tebur mai sakata?"

Sajan ya yaye shimfiɗar. Ga ƙofar Baba Tela kwance a kan kujeru biyu, da tsagarta da cin gararta.

Mai Izini ya cire tabarau, ya zauna. Ya ce shi ya yi ta jigila har ya shawo kan 'yan fim ɗin nan. Ya kai su sabon shataletale, ya kai su sabon asibiti, ya nuna musu fitilun titi, suka ƙi kallo. Duk garin nan sai ƙofar da ta fi kowace ruɓewa suka zaɓa.

"Duniya za ta gani, Sufeto. Surukaina za su gani. A ce haka garinmu yake? Ni gyara na yi."

"Wa ya kafa dokar kada a taɓa komai a layin sai an gama ɗauka?"

"Ni."

"To, kai ne farkon wanda ta kama. Tashi ka riƙe gefe guda."

Haka suka fito, Sajan a gaba, Mai Izini a baya, ƙofa a tsakiya. Rana na kan bango suka iso. Mai walda ya cire sabuwar, Baba Tela na bin sa yana cewa a jingine masa ita a ciki, kada wani ya yi mata kallon wadda ba ta da mai ita. Darakta ta zagaya tsohuwar, ta shafa ta, ta ce 'yan wasa su shirya. Masu abinci suka koma kan tukwanensu.

Sufeto ya buɗe wa Mai Izini bayan mota. Mai Izini ya sa ƙafa ɗaya, sai ya waiwayo wajen Darakta.

"Baiwar Allah, don girman iyayenki, ki ɗan karkata kyamarar nan dama. Akwai sabuwar kwalbati a wajen."

Sufeto ya danne masa kai, ya rufe mota.