Butar June a Jikin Tarago

Ranar da Talia Prokop ta fara ganin Emmett, zaginsa ta yi a gaban idonsa ba ta sani ba.

Safiyar Lahadi ce, tana kan gadar da ta ratsa saman layin dogo a garin Hastings, kyamara a wuya. Ita ba ta fenti. Nata shi ne ta jira jiragen kaya, ta ɗauki hoton zanen da 'yan feshi suka yi a jikin taragai, ta sa a shafinta na intanet. Wani dogon saurayi ya zo ya jingina kusa da ita, amma hankalinta na kan taragon alkama mai ɗauke da ƙaton shuɗin tsuntsu.

"Mai tsuntsun nan kala kam ya iya," ta ce. "Amma wa zai gaya masa ƙafar tsuntsu ba cokali mai yatsu ba ce?"

"Wata bakwai nake jiran taragon nan ya zagayo," in ji saurayin, "ashe zagi zan tarar."

Sai a lokacin ta ga shuɗin fenti a farcensa. Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce sunansa Emmett Salas, kuma ba zai yafe ba sai da lambar waya.

Kafin yamma saƙo ya shigo, haɗe da hoton sabon zane a takarda: "Malama mai duba ƙafa, na gyara. Maki nawa?"

Ta mayar: "Yanzu ta koma manjagara. Amma ana samun ci gaba."

Wasa-wasa, gadar nan ta zama wurin zancensu. Yana ce mata 'Yar Gada, tana ce masa Tsuntsuna. Kafin shekara ta zagayo ya nemi aurenta, ta ce sai Baba ya yarda.

To, nan gizo ke saƙar. Babanta, Wendell Prokop, shekara talatin da huɗu ya yi yana duba birki da ƙafafun taragai kafin ya yi ritaya, kuma 'yan feshi ba mutanensa ba ne. Ranar da Emmett ya zo cin abincin rana, tsohon ya tura masa kwanon dankali ya ce, "Sau biyu na ga abin da tarago ke yi wa wanda ya shiga ƙarƙashinsa. Ba na son 'yata ta yi takaba da ƙuruciya." Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Akwai abin da Talia ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Duk mai bin taragai ya san wata 'yar butar kofi da ake gani a ƙasan kusurwa, an zana ta da farin allin maiko, tururi na tashi, an rubuta "June" da kwanan wata. Ba wanda ya san mai ita. Babanta ne. June mahaifiyarta ce, wadda kullum take kai masa kofi bakin ƙofar aiki har ta rasu, kuma tun rasuwarta bai sake taɓa alli ba. Dokar 'yan feshi kuwa a fili take: ba a rufe lambar tarago, ba a hawa kan zanen tsofaffi, kewaye shi ake yi.

Wani Brody ne ya ɓallo ruwa, ɗan feshin da ya shekara biyu yana bin Talia tana ba shi haƙuri. Ya liƙa hotuna biyu a shafinta. Na farko butar ce a jikin wani tarago mai tsatsa. Na biyu taragon ne dai, fiffiken tsuntsun Emmett ya shafe ta ƙaf. Kwanan watan da ke ƙarƙashin butar, ranar da aka haifi Talia ce.

Da Talia ta nuna masa, Wendell ya daɗe yana kallon wayar. "Muddin ina numfashi," ya ce, "ba zan kama hannunki in miƙa wa wannan ba."

Ta kira Emmett tana fatan ya ce sharri ne.

"Ni ne," ya ce. "Na gan ta. Tsatsa ta cinye rabinta, ina sauri, na ce ai ta riga ta mutu."

"Uwata ce ka ce ta riga ta mutu," ta ce, ta kashe wayar. Ta yi kuka sosai, don har a lokacin tana son sa.

Sati uku ba ta amsa masa ba. Tarago kuma ba akuya ba ne balle a bi shi a kamo. Wanda ya wuce yau wataƙila sai baɗi. Sai Emmett ya yi abin da ɗan feshi ya fi tsana, ya fito ya amsa laifi a gaban kowa. Ya rubuta a dandalin 'yan feshi na intanet: "Na hau kan butar June. Ban da hujja. Duk mai hoton wata butar, don Allah ya turo mini, da lambar taragon."

Aka yi masa wankin babban bargo kwana biyu, sannan hotuna suka fara zubowa. Daga Texas, daga Manitoba, har daga Sonora. Wata tsohuwa a Montana ta turo goma sha ɗaya da mijinta ya ɗauka.

Wata biyar bayan haka saƙo ya shigo wa Talia: "'Yar Gada, ban cancanci amsa ba. Amma Asabar ƙarfe goma, jirgin alkama daga kudu, tarago na arba'in da shida. Ki kawo Baba ko da zagina zai yi."

Da ƙyar ta jawo tsohon zuwa gadar, yana ta mita iska za ta sa masa mura. Emmett na can ƙarshen gada rungume da wani ƙaton littafi, ya kasa matsowa. Jirgi ya taho. Wendell da bakinsa yake ƙirga taragai, sabon aiki ba ya barin mutum.

Na arba'in da shida ya iso. Tsuntsu ne ya cika gefen taragon, ya lanƙwaso fukafukansa biyu, a tsakaninsu an bar tsohon ƙarfe yadda yake, ga 'yar buta fara tana tururi. Wata butar ce daga cikin waɗanda aka turo masa hotonsu; awa tara Emmett ya yi yana tuƙi zuwa wani rumbun hatsi a Kansas ya same ta, ya kewaye ta da zanensa.

Jirgin ya ƙule. Emmett ya matso ya miƙa littafin: buta ɗari biyu da bakwai, kowace da garin da aka gan ta. Wendell ya buɗe, yana bin shafukan.

"Ka bar lambar taragon a buɗe," ya ce.

"E, Baba."

"Hm. Tsallaka katangar mutane kuma ya ƙare. Ka je ka yi wa masu shaguna allo, su biya ka."

"Ya ƙare, Baba."

"To me kake yi a nan? Je ka lallashe ta, ba ni za ka aura ba."

Talia dariya da kuka suka haɗe mata. "Tsuntsuna, kai wawa ne," ta ce, ta faɗa jikinsa.

Bayan girbin masara aka ɗaura auren a bayan gidan Wendell. 'Yan feshi sun zo cikin kwat ɗin aro, kowa na ɓoye farce a aljihu. Tsohon da kansa ya kamo hannun 'yarsa ya sa a na Emmett, sannan ya juya ga jama'a.

"Shekara talatin ina zana butar nan, ina zaton ni da June kaɗai muka san da ita. Sai da yaron nan ya ɓata mini guda, na san ina da ɗari biyu suna yawo a duniya." Ya share ido da bayan hannu. "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka. Yanzu a zuba mini kofi, na yafe."