Kakin Zuma a Bakin Harsashi

Ranar Talata da hantsi, a ƙarshen damina, aka kawo rahoto caji ofis cewa an tsinci gawa a bakin rafin Kubanni, bayan Hanwa. 'Yan doka ne suka fara isa wurin. Da suka ga kwanson harsashin Turawa cikin ciyawa, sai suka aika wa 'yan sandan gwamnati.

Sufeto Kailani ya hau keke, Kofur Muntaka yana biye.

Mamacin wani makiyayi ne mai suna Yero. Yana kwance rub da ciki a bakin ruwa, sanye da riga ruwan ƙasa, sandarsa a gefe. Da alama gawar ta kwana a wurin. Sufeto ya durƙusa, ya sa tsinin wuƙa a raunin, ya ciro guntun ƙarfe. Ƙusa ce aka sare.

"Wannan aikin adaka ne, bindigar maharba, ranka ya daɗe," in ji Kofur.

"Adaka ba ta zubar da kwanso."

Kwanson na jar takarda ne mai gindin tagulla. Sufeto ya kai shi hanci. Bayan warin albarushi akwai wani ƙamshi mai sanyi da ya sani, amma ya rasa inda ya san shi. Ya jefa kwanson a aljihu.

Mutum ɗaya ne a Tudun Wada yake da lasin na irin wannan bindiga: Malam Dabo, tsohon tafinta. Baturen da ya yi wa aiki ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Kafin Sufeto ya isa gidan, 'yan doka sun riga sun kama ƙanen maigidan, Salmanu, domin an ji shi a kasuwa yana rantsuwa zai harbe Yero idan shanunsa suka sake shiga gonarsa. In magana ta kai gaban Joji a haka, igiya ce.

Malam Dabo ya sauko da bindigar daga bangon zaure. Irin wadda ake jan katakon ƙasa baya, ta tofar da kwanso, a tura gaba, ta ɗauki sabon harsashi. Katakon ya tsaya a rabin hanya, ba gaba ba baya. Ta ƙofar gefen bindigar ana hango gindin harsashi a karkace.

"Yaushe ta lalace, Malam?"

"Tun farkon damina. Ka ga kuwa ba yadda za a yi Salmanu ya harba ta."

Sufeto ya zura ɗan yatsa a bakin bindigar, ya fito da shi baƙi ƙirin, ya nuna masa.

"Wannan baƙin bai kwana biyu ba."

Malam Dabo ya sunkuyar da kai. "Uwarmu ɗaya, Sufeto. Ni na goya shi."

"Wa yake kwana a zauren nan?"

"Ɗantsoho, mai gadi."

Tsohon yana tsugune a bakin ƙofa, siriri, idanunsa a ƙanƙance kamar mai hangen nesa.

"Baba, ka ga wanda ya ɗauke ta jiya da asuba?"

"Ni barci nake, ranka ya daɗe. Abin nan ko taɓa shi ban taɓa yi ba. Tsoronsa nake ji."

"Mece ce sana'arka a da?"

"Noma."

A caji ofis, Salmanu ya fara da rantsuwa cewa bai taɓa faɗa da Yero ba. Da aka lissafa masa mutanen da suka ji shi, ya ce to faɗan baki ne.

"Ka iya harba bindigar yayanka?"

"Na iya. Mukan je harbin zabi da rani."

"Me ke cikin harsashinta?"

"Ƙananan ƙwayoyi kamar dawa. Na tsuntsu ne. Yaya bai taɓa sayen wani iri ba."

"Rabonku da fita?"

"Tun kafin ruwan fari. Naman dajin da muke ci a bana ma, Ɗantsoho ne yake samo wa Larai, matar Yaya. Wai wani abokinsa maharbi ne ke ba shi." Ya ɗago kai. "Sufeto, rataye ni za a yi?"

Sufeto ya miƙe. Ya ce wa Kofur ya nemo kananzir da tsumma, ya taho da Salmanu.

Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar zauren Malam Dabo, ya ce kowa ya zauna. Ya koyi gyaran bindiga a soja, zamanin yaƙin Kamaru, kuma ba ya gaggawa da ita.

Ya juya bakinta ga bango. Ya danna ɗan makullin da ke kusa da kunama, ya gwada katakon. Bai motsa ba. Ya warware murfin bututun ƙasa, inda harsasai ke jeruwa, ya tare sifirin da tafin hannu kada ya yi tsalle, ya zare babban bututun ya ajiye. Ya karkata ta, harsashi ɗaya ya gangaro. Wanda ya maƙale kuwa sai da ya tura shi da tsinken kara.

Cikin bindigar ya daƙune da wani maiƙo mai kauri, ƙura ta manne masa. Sufeto ya lakato ya murza.

"Man kaɗe," ya ce. "Malam, kai ke shafa mata?"

"Ni man keken ɗinki nake ɗiga mata, kamar yadda Baturen ya nuna mini."

Sufeto ya wanke ƙarafan da kananzir, ya goge. Sannan ya ɗauki harsashin da ya maƙale. Takardarsa ta kumbura, bakinsa an toshe da wani abu rawaya wanda ya yi tudu, gefensa ya goge inda ya ci karo da ƙarfe. Ya farke shi da wuƙa. Guntayen ƙusa suka zubo kan tabarma.

Ƙamshin ya taso, sai ya tuna. Kakin zuma ne. Ɗakin mahaifinsa ne a gefen dajin Kuyambana, adaka jingine a kusurwa, mahaifin yana murza kaki a kan gwiwa yana toshe bakin ƙahon albarushi saboda damina, Kailani yana riƙe masa kasko. Ya daɗe yana kallon kakin. Sai da Kofur ya yi gyaran murya.

Ya mayar da komai wurinsa. Ya ɗebo sababbin harsasai daga kwalin Malam Dabo ya ɗura, ya ja katako ya tura. Harsasan suka riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya, ba gardama. Ya sa wanda ya gangaro daga bututun ɗazu, shi ma mai kaki ne, ya ja. Ta cije. Ya ciro shi.

"Bindiga lafiyarta ƙalau," ya ce. "Wani ne ya ga ƙwayar tsuntsu ba ta kayar da gada, ya zazzage ta, ya cusa ƙarfe, ya toshe da kaki. Haka ake ɗura adaka. Ita kuwa wannan ba ta karɓar abin da ya fi bakinta."

Ya kwantar da bindigar a ƙasa, ya miƙe, ya ɗaga ƙafa kamar zai wuce ta kanta zuwa ƙofa.

"Kada ka tsallake ta!"

Ɗantsoho ne. Ya rigaya ya miƙo hannu kafin ya san ya yi magana.

Sufeto ya mayar da ƙafarsa. "Haka mahaifina yake cewa. Bindigar da aka tsallake ba ta ƙara samun nama. Ban taɓa jin manomi ya damu da wannan ba, Baba."

Tsohon ya dubi bindigar, ya dubi Salmanu da ankwa a hannu.

"Ku sake yaron nan," ya ce. "Bai san komai ba."

"Faɗi yadda aka yi."

"Dajin da na tashi a ciki, yanzu jirgin ƙasa ke ratsa shi. Adakata kuma an karɓe, wai sai da takarda. Na zo birni na zama mai tsaron ƙofa. Kullum in na kwanta ga wannan a saman kaina. Ba nama nake so ba, Sufeto, haƙorana ma sun zube. Raɓar asuba nake so a ƙafata, da jin iska ta juyo da warin dabba. In na fita, kafin a sallame sallah na dawo." Ya dubi Sufeto. "Jiya na ga abu ruwan ƙasa ya sunkuya a bakin ruwa. Da can ko kunnen gada ya motsa a cikin gamba sai na gani. Na ɗauka idanuna suna nan. Na harba. Na ja don in ƙara, ta ƙi. Sai na ji ya kira sunan Allah."

"Ka je wurinsa?"

"Na je. Na riƙe masa kai har ya cika. Sannan tsoro ya kama ni."

"Kuma ka zauna kana kallo aka tafi da Salmanu."

"Na zauna."

Kofur ya kwance ankwar daga hannun Salmanu. Malam Dabo ya rungume ƙanensa. Tsohon ya miƙa hannuwansa da kansa.

A ƙofar gida ya tsaya. Daga nan ana hango dutsen Kufena, rana tana gangarawa bayansa, ciyawar gindinsa ta fara ja. Kofur ya so ya ja shi, Sufeto ya ɗaga masa hannu.

"Sufeto, kai ɗan wane gida ne?"

"Gidan Nagoda, a Kuyambana."

"Akwai ɓauna a can har yanzu?"

"Da can akwai."

"Tsohon naka yana da rai?"

"Ban sani ba. Rabona da gida tun kafin yaƙi."

Ɗantsoho ya gyaɗa kai, ya sake duban dutsen, sannan ya bi Kofur.

Sufeto ya rataya bindigar a kafaɗa, ya tura kekensa a bayansu. Kakin ya maƙale a ƙarƙashin farcensa, kuma har suka isa caji ofis bai kankare shi ba.