Zuma a Ƙarƙashin Shimfiɗar Roba

Ranar Lahadi da azahar Marlys Odegaard, mai kiwon ƙudan zuma a bayan garin Yorkton, ta dawo daga coci ta tarar an ɓalle rumbunta. Bokiti goma sha huɗu na zuma, girbinta na shekara guda, sun yi ɓatan dabo.

Sufeto Lorne Pelletier ya duba wurin. Ba abin da ya samu sai murfin bokiti ɗaya a yashe da sawun tayar a-kori-kura. Ya yi tsaki, don a yankin nan ko limamin coci a-kori-kura yake ja.

Kwana huɗu yana yawo gona-gona. Kowa bai ga komai ba, kowa kuma sai ya tsare shi da kofi da surutun farashin alkama. Marlys tana buga masa waya safe da yamma.

A rana ta biyar ya shiga shagon kayan mota, ya tambayi mai shagon, Bev, ko wani ya nemi sabulun wanke kafet, don bokitin da ya rasa murfi ba zai rasa yin ɓari a motar ɓarawon ba. Ta ce babu, amma Dwayne Friesen ya ba ta mamaki. Masu sayayya a wurinta sukan ɓata awa guda wajen zaɓen shimfiɗar ƙasan mota, wannan yana son roba mai laushi, wancan mai tauri da baki a ɗage saboda ƙanƙara da taɓo. Shi kuwa Dwayne, ranar Litinin, ya suri ta farko da hannunsa ya kai.

"Na ce masa ba ta ƙirar motarsa ba ce, za ta riƙa tokare birki, ya jira sati ɗaya in kawo daidai. Ya ce in riƙe shawarata."

Sufeto ya sami Dwayne, maƙwabcin Marlys, yana gyaran shinge. Dwayne ya ce shi ranar Lahadi yana kamun kifi a tafki, shimfiɗar kuma tun bara ya saye ta.

"Tun bara, ga takardar shago manne a jikinta? Buɗe ƙofar motar, malam."

An datse gefen robar da wuƙa don ta shiga, duk da haka ta yi tozo a ɓangaren fasinja. Sufeto ya ja, ta ƙi tasowa. Ya sa hannu biyu ya fizge. Kafet ɗin ya jiƙe sharkaf da zuma, tururuwa ta yi baƙi a kai.

Dwayne ya zauna a bakin ƙofar motar. Ya ce bayan motar ne ya cika, ya sa bokitin ƙarshe a gaba, ya kife da ya sha kwana. Sauran suna ɗakin ajiyarsa. Wai ƙudan Marlys sun harbi karensa har ya mutu, ko haƙuri ba ta ba shi ba.

"Da ka kawo ƙara," in ji Sufeto, yana saka masa ankwa.

Da suka isa motar 'yan sanda, ya dubi ƙafafun Dwayne da zuma da hakukuwa suka manne wa.

"Cire takalman nan kafin ka shiga mini mota."