Gwiwoyin Ɗan Talata

"Biba, kashe shi! Don Allah kashe abin nan kafin in nutse a ƙasa!"

Zuhura ce ke wannan roƙo. Biba kuwa, ɗiyar gwaggonta, ko a jikinta. Sai ma ƙara ɗaga wayar ta yi don ƴan matan da suka cika tsakar gidan sunan su gani da kyau.

A cikin wayar, wasu ƴan mutum-mutumin roba biyu ne ke kokawa a kan rairayi. An ɗaura masu warki da ƴan layu. Aikin Aisami ne, saurayin Zuhura, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Daga kasuwar Damagaram ya sayo su. Yakan gusa hannun ɗaya kaɗan ya ɗauki hoto, ya ƙara gusawa ya ƙara ɗauka, in ya jera hotunan sai ka rantse da kansu suke motsi.

"Oh ni Biba! Namiji da gemunsa yana wasan ƴar tsana! Zuhura, a cikin lefe za a zubo maki su?"

Wuri ya ɗauki shewa.

Da ma Biba ta daɗe da ƙyalla ido a kan Aisami, kowa ya sani in ban da Zuhura. Ga Rashidu, yayan Zuhura, kullum cikin mita, wai ba za su ba mai wasan yara aure ba. Ana cikin haka sai ga Aisamin a bakin zaure, ya zo yi wa masu jego barka.

"Mushe, shigo ka ji sharhin ɗiyar ɗan kokawa!" in ji Biba.

Ya dubi Zuhura da murmushin nan nasa mai sanyi.

"Hasken idona... kin gani? Yaya?"

Wayyo, da ta yi shiru! Amma idanu sun yi mata yawa, kunya ta rikiɗe ta koma faɗa.

"Yaya me? Inuwa tana tsalle gabas da yamma kamar mai iskoki. Ga babban yatsanka nan ya leƙo har sau nawa. Duk wannan da sauƙi." Ta fizgi wayar ta tsayar da hoton. "Dubi nan! Gwiwoyinsa biyu a ƙasa, kuma wasa bai ƙare ba? Ko jaririn da aka raɗa wa suna yau ya san an yi kaye!"

"Zuhura, ki kalla har ƙarshe..."

"In kalli me? Kai da ba ka taɓa shiga fili ba!"

Murmushin ya dushe. Ya yi wa matan sallama ya juya.

Abin da ba ta faɗa ba, maganar gwiwa miki ce a gidansu. Babanta Ɗan Talata shi ne gwarzon Gure a zamaninsa, har ranar da ya durƙusa da kansa a tsakiyar karawar ƙarshe, ba tare da an kayar da shi ba. Gari ya ɗauka wai tsoro ne. Da wannan gorin Zuhura ta girma, shi kuwa tsohon bai taɓa kare kansa ba.

Magana zarar bunu. Kafin magariba Biba ta kai wa Rashidu labari da gishirinsa da yajinsa. Da ya tambayi Zuhura ko a mayar wa dangin Aisami kayan neman auren da suka kawo, zuciya ta ɗebe ta.

"A mayar!"

Aka mayar. Aisami kuma ya nemi a tura shi koyarwa can garin Alakoss, aka tura shi.

Sai bayan kaka, wata hantsi tana miƙa wa babanta fura, ya ce, "Ɗiyata, ina yaron nan mai ƴan robobi? Ya yi ta zuwa nan gindin dogon yaro yana yi mani tambayoyi. Ya ce in ya gama zai nuna mani."



"Baba... tambayoyin me?"

"Na ranar nan mana."

Ta lalubo bidiyon a wayarta, suka kalla tare. Inuwa ta yi tsallenta. Yatsa ya leƙo. Gwiwoyi suka taɓa ƙasa, ta daure ba ta tsayar ba.

Sai ga hannun abokin karawar ya saki yana reto. Wanda ya durƙusa ya tallabe shi a ƙirji, a hankali, a hankali, ya kwantar da shi. Sannan ya tashi ya fita daga fili shi kaɗai, ana ɗaga ɗayan sama.

Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemun Ɗan Talata.

"Haka aka yi. Na ji kafaɗar abokin karawata Ibram ta goce a hannuna. Da na buga shi da ƙasa, da ya nakasa har abada. Ban faɗa ba don kada a rage masa nasararsa. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, shi ya sa na gaya wa yaron." Ya share ido. "Ya ce kyautar aurenku ce, don ki daina sunkuyar da kai in an ambace ni."

Zuhura ta ɗora hannu a ka.

"Na shiga uku! Baba, na cuci kaina!"

Ta kira wayar Aisami har ta gaji, ba ta shiga. Sai wata ranar kasuwa ya yi sallama da kansa, ya rame, ya yi duhu, da ɗan ƙunshi a hannu. Ya gaida tsohon, ya ajiye masa mutum-mutumin mai warki. A zaure ta tare shi.

"Aisami... na kalla. Har ƙarshe."

"Na gode." Ya kau da kai. "Na sake ɗaukarsa ma. Na kafa rumfa, inuwa ta daina tsalle. Yatsan ma na cire. Gaskiya kika faɗa a kansu."

"Ni ba wannan ba... Masoyina, ka yafe mani!"

"Tuni na yafe, wallahi. Sai dai da aka mayar da kaya, inna ta nema mani ɗiyar ƙanenta a garin Gamu. Juma'ar da ta wuce aka shafa fatiha."

Ta zube a gabansa, gwiwoyi biyu a ƙasa, tana kuka kamar ranta zai fita.

Ya miƙo hannu zai tallabe ta, sai ya tuna, ya janye.

"Tashi, Zuhura. Don Allah tashi."

Ba ta tashi ba har ƙarar babur ɗinsa ta ɓace. Ɗiyar ɗan kokawa ce, ba sai an gaya mata wasa ya ƙare ba.