Matar da Ke Duban Sama

Can a wani zamani, aure ya kai wata mata ƙauyen bakin teku. Mijinta falke ne, kullum yana hanya, daga ita sai jaririnta. Ba mai jin harshenta sai wata tsohuwa.

A garinsu ruwa ba ya cin gida sai hadari ya haɗu. Da maƙwabtan dama suka koma tudu, ta dubi sama, ba hadari, ta zauna. Na hagu suka koma tudu, ta dubi sama, ba hadari, ta zauna. Har ya zamana ba mai amsa sallamarta.

Ran nan tsohuwar ta gangaro, ta jawo ruwa a rijiyar gidan.

"Sha, 'yata."

Ta kurɓa, ta tofar. "Iya, gishiri ne."

"Bara fa?"

"Bara da daɗinsa."

"To, wa ya shigo miki rijiya?"

Matar ta juya wajen teku. "Ashe yana ƙarƙashin ɗakina."

Ta goya ɗanta, ta ɗauki tukunya. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Iya, in maigida ya dawo, wa zai gaya masa?"

"Bar masa gugan a bakin rijiya. Da ƙishirwa zai iso."