Gonar Aro ta Bayan Ƙofar Gayan

Raihana tana tankaɗe a tsakar gida yayanta Nasrullahi ya faɗo, ko sallamar kirki babu.

"Ina mijin naki? Ki gaya masa aro ya ƙare, gonar Baba nake so!"

Gonar bayan Ƙofar Gayan yake nufi, wadda marigayi mahaifinsu ya ara wa mijinta Zulkiflu tun aurensu. Da ita suke ci, daga ita ake kai wa Iya, mahaifiyarsu, dawar tuwo.

"Haba Yaya! Dawa fa har ta kai gwiwa!"

"To sai me? Gwamnati za ta biya manoma tallafi. A ɗauke ka hoto a gona, alat ɗin kuɗi ya shigo waya, shi ke nan. Bare ba zai ci ba! Kuma wallahi ya sake taka ta, ke da ganin Iya sai dai labari!"

Haka mutumin nan, da bai taɓa riƙe fartanya ba, ya aro ɗaya ya tsaya cikin shukar wani da shaddarsa ana ɗaukarsa hoto. Kai, duniya!

Da Zulkiflu ya ji, sai ya ce: "Ki share hawayenki, Maman Ibtisam. Ba ni zan raba ki da Iya ba."

Ya koma ƙwadago a gonakin mutane. Yau a ɗora tukunya, gobe a sha gari. Gwaggonninta suka yi ta zuga ta: "Miji ba gona ba albashi? Ki tattaro ki dawo gida mana!" Ta ƙi, amma kullum idonta a kumbure.

Shi kuwa Yaya, alat na shiga ya canja mota, gona ta zama ta ciyawa.

Wata rana Raihana ta lura Zulkiflu yana sammako fiye da da, yana dawowa a galabaice. Ta ritsa shi, ya sunkuyar da kai.

"Gonar nake nomewa kafin in tafi aiki."

"Innalillahi! In Yaya ya ji fa?"

"Na sani, ki gafarce ni. Amma dawar ba ta yi laifi ba. Kuma Iya, me za ta ci bana?"

Ta fashe da kuka. Washegari ita ta tashe shi, ta dama masa koko.

Kaka ta zo Iya tana kwance ba lafiya. Zulkiflu ya turo dammunan dawa a amalanke har zauren gidan Iya, ko zangarniya bai rage wa kansa ba. Nasrullahi ya taso da bala'i, sai muryar Iya daga ɗaki:

"Nasrullahi, ka ji tsoron Allah! Kai ka ci kuɗi, shi ya sha rana. A raba gonar nan. Kasona na gado na haɗa wa Raihana."

Nasrullahi ya juya ya fice.

Raihana ta tuƙa tuwon sabuwar dawa. Iya ta ci kaɗan, ta dubi surukinta durƙushe a bakin ƙofa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ba ta ga Juma'a ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Haƙuri ya dawo musu da gona, kwaɗayi ya bar Nasrullahi da mota da nadama. Ku da ke tasowa, kada tallafin damina ɗaya ya sa ku yanke zumunci. Har yau in Raihana ta tuƙa tuwon farko na kaka, sai ta zuba a kwanon Iya, ta kai sadaka tana hawaye.